Zeichner: Tarihin Mai Zanen Jamus, Daga Sana'a Zuwa Sunan Gida



Mu da muka bi ta kwalejin fasaha ba za mu manta da ajin zanen injiniya ba. Ga faffaɗan allo, ga doguwar rula mai kan T, ga fensir an fiƙe shi kamar allura, ga farar takarda an manne kusurwoyinta huɗu da salatif. Kafin ka ja layin farko na gini ko na ƙarfen inji, sai ka fara zana wani ɗan akwati a ƙasan takardar ta hannun dama. A cikinsa za ka rubuta sunan wanda ya zana, da wanda ya duba, da ranar da aka yi, da ma'aunin da aka bi. Komai kyan aikinka, in ka bar akwatin nan fayau, malami zai miƙo maka takardarka ya ce ba ka gama ba. A lokacin mun ɗauka tsirfar malamai ce kawai. Sai daga baya muka gane an yi ɗaruruwan shekaru ana fama kafin mai zane ya samu wannan ɗan gurbi da zai sa sunansa.

Tarihin wannan fama za mu bi yau, ta kan kalma guda ta Jamusanci, wato Zeichner. Ana furta ta kusan kamar "tsaihna". Ma'anarta mai zane, musamman wanda ke zana taswirar gini ko ta inji ko hoton littafi da layi. Sunan sana'a ce, kuma sunan gida ce da wasu iyalai ke amsawa har gobe. Mun zaɓe ta ne domin labarin da ke bayanta ya taɓo wani ciwo da ke damun mu marubuta: a yi aiki da hannunka, a manta da sunanka.

Kalmar da kanta

Tushen kalmar shi ne Zeichen, wato alama. Daga nan aka samu aikatau zeichnen, wanda ma'anarsa ta fari ita ce sa wa abu alama, kamar yadda makiyayi ke sa wa dabbarsa shaida ko ɗan kasuwa ke sa wa buhunsa. Sannu a hankali ma'anar ta faɗaɗa ta haɗa da zana hoto. Sai dai ba ta rabu da tsohuwar ma'anarta ba, domin har yau Bajamushe in zai sa hannu a takarda, da wannan tushen yake amfani, ya ce unterzeichnen. A wasiƙun ofis ɗinsu kuma akan rubuta gez. a gaban sunan mutum, ana nufin shi ya rattaba hannu. Ke nan a bakinsu, zane da sa hannu 'yan ɗaki ɗaya ne.

Akwai wata kalmar da ta riga ta a fagen zane. Shekaru ɗari biyar da suka wuce, mai zana hoton da za a buga a littafi ana kiransa Reisser, daga aikatau reissen, wato karta ko tsagawa, domin mutanen da suna karta layi ne a jikin katako ko dutse da abu mai tsini. Wannan aikatau tushensa ɗaya da kalmar da Turawan Ingila ke kiran rubutu da ita, write. Har yanzu Jamusawa na kiran allon zane Reissbrett, taswirar harsashin gini kuma Grundriss. Ba za mu yi mamaki ba, tunda mu ma kalmar zane a bakinmu ta haɗa hoto da layin ƙasa da tsagar fuska, har da shatar bulala.

Yadda sana'a ta zama suna

Mutanen ƙasashen da ke jin Jamusanci da suna ɗaya suke amsawa a da. Daga ƙarni na 12 birane suka fara cika, aka fara rubuta masu biyan haraji da masu gidaje a littattafan gari. In a layi ɗaya akwai Hans biyar, dole magatakarda ya bambanta su, sai ya liƙa wa kowa sana'arsa ko garinsa ko sunan ubansa ko wata kama ta jikinsa. Kafin ƙarshen ƙarni na 15 yawancin mutane sun samu suna na biyu, kuma sunan ya fara bin 'ya'ya ko da sun bar sana'ar.

Shi ya sa in ka duba sunayen da suka fi yawa a Jamus yau, kamar kana zagaya kasuwa ne. Müller mai niƙa, Schmidt maƙeri, Schneider tela, Fischer masunci, Weber masaƙi, Wagner mai ƙera keken doki, Becker mai gasa burodi. Thomas Müller da masu kallon ƙwallo suka sani a Bayern Munich, sunan mai niƙan hatsi yake ɗauke da shi. Michael Schumacher na tseren mota kuwa, sunansa na nufin mai ɗinkin takalmi. Mu ma muna cewa wane Tela, wane Wanzam, wane Birkila, muna da unguwannin Maƙera da Dukawa da Majema. Bambancin shi ne namu laƙabin yakan tafi da mai shi, nasu kuwa littafin hukuma ya daskarar da shi ya zama gado.

Yahudawan yankin nasu ya zo daga baya, kuma da umarnin hukuma. A 1787 Sarki Joseph na Biyu na daular Ostiriya ya kafa doka cewa kowane gidan Bayahude ya ɗauki tabbataccen sunan gida na Jamusanci. Ƙasar Purushiya ta bi sahu a 1812. Da yawa suka ɗauki sunayen sana'o'i, shi ya sa ake samun irin waɗannan sunaye a tsakanin Kiristoci da Yahudawa duka, kuma ƙaura ta kai su ƙasashe masu nisa. A majalisar dokokin Birtaniya akwai Daniel Zeichner, wanda aka zaɓa ya wakilci Kambirij a 2015. A Amurka akwai Farfesa Kenneth Zeichner, wanda ya yi suna a fannin horar da malaman makaranta. Babu ɗayansu da ke cin abinci da rula da fensir.

Duk da haka Zeichner bai kama ƙafar Müller ko Schmidt a yawa ba, ko kusa. Dalilin a fili yake. Kowane ƙauye yana da mai niƙa da maƙeri, kowa ya san ƙofar shagonsu. Mai zane kuwa ba shi da shago nasa. Yana ɓoye ne a cikin sana'ar wani: a rumfar magina, a shagon maƙerin zinariya, a ɗakin mai fenti, daga baya a maɗaba'a. Mutane da abin da suka gan ka kana yi suke kiranka. Wanda aikinsa ke ƙarewa kafin na sauran ya fara, wa zai gan shi balle ya sa masa suna?

Fatar da ta jira shekaru ɗaruruwa

Babu abin da ya nuna wannan ɓoyuwa kamar labarin babbar majami'ar birnin Kolon, a bakin kogin Rayin. An aza harsashinta a 1248. Wani gwani a rumfar maginan ya zana fuskar ginin da hasumiyoyinta biyu a kan fatun rubutu da aka harhaɗa, tsawon zanen ya haura mita 4. Masana na kiransa Riss F. Kowace taga, kowane ginshiƙi, kowace kwalliyar dutse tana ciki da tawada. A ƙarni na 16 kuɗi suka ƙare, aiki ya tsaya. Injin ɗaga duwatsu na katako ya zauna a kan hasumiyar da ba a gama ba har ya zama alamar garin, zanen kuma ya ɓace, ya rabu gida biyu.

A 1814 aka tsinci rabinsa a ɗakin saman wani masauki a garin Darmstadt, ya shiga hannun magini Georg Moller. A 1816 ɗaya rabin ya ɓulla a Faris ta hannun Sulpiz Boisserée, wani ɗan Kolon mai tara kayan tarihi. Da aka koma aikin a 1842, wannan zanen aka bi wajen fuskar ginin, aka kammala a 1880 da hasumiyoyi masu tsawon mita 157. Magina na zamanin jirgin ƙasa sun yi wa mutumin da ya rasu ɗaruruwan shekaru biyayya layi bayan layi. To amma bai sa hannu a fatar ba. Har yau masana na jayayya kan ko wane ne daga cikin shugabannin maginan, da kuma shekarar da ya zana. Umarninsa ya rayu, sunansa bai biyo shi ba.

Hannu uku a hoto ɗaya

Bayan Johannes Gutenberg ya fito da ɗab'i da haruffan ƙarfe a garin Mainz wajen 1450, littattafai suka yawaita, masu saye kuma suna son hoto. Hoton littafi a lokacin da katako ake buga shi, kuma aikin kashi uku ne. Reisser zai zana hoton a kan shafaffen katako, a juye, domin in an buga ya fito daidai. Sai masassaƙi, wanda suke kira Formschneider, ya ɗauki 'yar wuƙa ya ƙwaƙule duk inda babu layi, ya bar layukan a tsaye. Sannan mai ɗab'i ya shafa tawada ya danna a takarda. Ku lura da abu guda: wuƙar masassaƙi tana cinye ainihin zanen. In aiki ya ƙare, babu sauran abin da mai zane zai ɗaga ya ce ga hannuna.

A birnin Nurembag, a 1493, aka buga wani ƙaton littafin tarihin duniya na likita Hartmann Schedel, a maɗaba'ar Anton Koberger. Hotuna 1,809 ne a ciki, amma katakan da aka sassaƙa 645 ne kacal. Yaya aka yi? Maimaitawa aka riƙa yi. Hoton birni guda sai a buga shi a nan a ce Dimashƙa ce, a buga shi a can a ce Mantuwa ce ta Italiya. Fuskar sarki guda ta tsaya wa sarakuna da dama. Mai karatu na lokacin alamar birni yake nema, bai damu da kamanninsa na gaskiya ba. A irin wannan kasuwa, mai zane ɗan ƙodago ne kawai.

Shekaru 75 bayan haka, a 1568, aka buga wani littafi a Firankfot wanda ya jero muƙamai da sana'o'in duniya 114, kowace da hotonta, daga Fafaroma da sarki har zuwa mai tukwane. Jost Amman ne ya zana hotunan, baitocin da ke ƙasansu kuma na Hans Sachs ne, wani baduku mai ɗinkin takalmi da ya shahara da waƙa a Nurembag. A cikin jerin, Reisser ya samu shafinsa daban, yana zaune a teburinsa yana zane. Masassaƙi da shafinsa, mai ɗab'i da nasa, haka mai yin takarda, da mai zuba haruffa, da mai ɗinke littafi. Wani abu ya sauya ke nan tsakanin 1493 da 1568, har aka fara ƙirga mai zane a matsayin mai sana'a. Babban wanda ya jawo sauyin yaron shago ne a gidan Michael Wolgemut, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi hotunan wancan littafi na 1493.

Haruffa biyu na Dürer

Sunansa Albrecht Dürer. An haife shi a Nurembag a 1471, ya rasu a 1528. Mahaifinsa maƙerin zinariya ne da ya yi ƙaura daga Hangari, daga wani ƙauye Ajtós wanda sunansa ke da alaƙa da kalmar ƙofa a harshensu. Aka juya ta zuwa Jamusanci, inda ƙofa take Tür, sunan gidan ya zama Dürer, har tambarin gidansu buɗaɗɗiyar ƙofa ce. Yaron ya fara koyon ƙira wajen ubansa, sannan ya shiga shagon Wolgemut a 1486.

Da ya tsaya da ƙafarsa, sai ya ɗauki wata ɗabi'a: yana sa babban harafin A da ƙaramin D a cikinsa a jikin aikinsa, sau da yawa har da shekara. Hotunansa suka bazu a kasuwannin Turai, masu kwaikwayo suka yi ca. Wasu ba su tsaya ga kwafar hoton ba, har haruffan biyu suke kwafa. A 1511 ya buga gargaɗi mai zafi a ƙarshen littattafan hotunansa, yana sanar da ɓarayin aiki cewa yana da takardar kariya daga Sarki Maximilian. A farkon 1512 majalisar birnin Nurembag ta samu wani baƙo yana sayar da hotuna masu ɗauke da alamar Dürer ta jabu, ta umarce shi ya cire alamar ko a ƙwace kayan. Ku duba abin da majalisar ta kare. Ba ta hana kwafar hoton ba, alamar ta hana a taɓa. Tun kafin a san dokar haƙƙin mallaka irin ta yau, an fara gane cewa sa sunan mutum a abin da bai yi ba zamba ce.

Sai dai suna yana da nauyinsa. A watan Mayun 1515 aka sauke karkanda a Lisbon, kyauta daga Sarkin Gujarat na Indiya da ta ƙare a hannun Sarki Manuel na Fotugal. Turai ta yi fiye da shekara dubu ba ta ga irinta ba. Dürer bai je ba, wasiƙa da wani ɗan zane da aka aiko Nurembag kawai ya gani. Ya zana ta da fata kamar sulken ƙarfe, ƙafafu da ɓawo irin na kifi, ya kuma ƙara mata wani ɗan ƙaho a doron wuya wanda Allah bai halitta mata ba. Ya sa 1515, ya sa haruffansa. Dabbar ta nutse a teku a farkon 1516 a hanyar kai ta wurin Fafaroma. Hoton kuwa ya zauna, aka yi ta kwafarsa a littattafan ilimin dabbobi fiye da shekara 200. An ce gani ya kori ji, amma a nan sunan gwani ne ya daɗe yana korar gani. Wanda ya sa hannu ya ɗauki yabon, ya kuma ɗauki kuskuren har abada.

Shi ma masassaƙin Dürer bai yarda a bar shi a baya ba. Sunansa Hieronymus Andreae. Shi ya jagoranci sassaƙa katakai kusan 200 na wani ƙaton hoton ƙofar nasara da aka yi wa Sarki Maximilian, wanda in an jera takardunsa tsawonsa ya haura mita 3. Mutumin ya yi alfahari da wuƙarsa har ya riƙa kiran kansa Hieronymus Formschneider, wato Hieronymus Masassaƙi, ya kuma riƙa buga littattafai da wannan suna. A nan mun ga da idonmu yadda sana'a ke rikiɗa ta zama suna, kuma mai ita ne ya zaɓa da kansa.

Likitan da ya yi adalci

Misalin da ya fi shafar mu marubuta ya zo a 1542. Leonhart Fuchs, likita kuma malami a jami'ar Tübingen, ya wallafa babban littafin tsirrai da magunguna a Basel, da hotuna kimanin 500. A ciki har da masara da barkono, waɗanda a lokacin baƙi ne a Turai, ba a daɗe da kawo su daga nahiyar Amurka ba. Fuchs ya san cewa mai neman magani da hoto zai gane ganye, kuma kuskuren layi ɗaya na iya sa a tsinko guba. Saboda haka ya sa aka zana tsirran daga ainihinsu.

Abin da ya yi a ƙarshen littafin ba a saba gani ba. Ya sa aka buga hotunan mutum uku da sunayensu: Albrecht Meyer, wanda ya dubi tsiron ya zana a takarda, da Heinrich Füllmaurer, wanda ya mayar da zanen kan katako, da Veit Rudolf Speckle, wanda ya sassaƙa. Biyun farko an nuna su zaune suna aiki, ga fure a tulu a gabansu. Shafi ɗaya ya kashe musu, kuma saboda shafin nan, bayan shekaru kusan 500 muna iya kiran sunayensu a nan.

Daga baya abin ya zama al'ada a hotunan da ake bugawa da farantin tagulla. A ƙasan hoto, da ƙananan haruffa, akan rubuta wanda ya ƙago, da wanda ya zana, da wanda ya karta a ƙarfe, da wanda ya wallafa, kowa da gurbinsa.

Kano a hannun wanda bai taɓa zuwa ba

Wannan al'ada ta iso har ƙofar gidanmu. Da yawanmu mun taɓa ganin tsohon hoton nan na birnin Kano daga kan dutsen Dala, da gidajen ƙasa da dabino da fili shimfiɗe. Yana yawo a intanet, ana cewa zanen Barth ne. Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a Fabrairun 1851, ya kuma yi 'yan zane-zane a littafin tafiyarsa. Da ya koma gida, aka wallafa labarin a mujalladi 5 tsakanin 1857 da 1858, na Jamusanci a maɗaba'ar Justus Perthes da ke Gotha, na Ingilishi a Landan.

Amma hotunan masu launi da ke ciki, Johann Martin Bernatz ne ya fitar da su daga zanen Barth. Shi mai zane ne da ya taɓa zuwa Habasha, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Taswirorin kuma August Petermann ne ya tsara su daga ma'aunan da Barth ya rubuto. Masu ɗab'in sun yi gaskiya, sun rubuta a ƙasan hoton cewa Bernatz ya zana daga zanen Barth. Wannan ɗan layi yana da amfani ga duk mai son rubuta labarin da ya faru a Kanon wancan zamani, domin yana gaya masa hoton ya bi ta ido biyu, ɗaya ya gani, ɗaya ya ƙawata. Masu yaɗa hoton a yau sukan yanke layin su bar hoton. Da suka yanke sunan, sun yanke mana hanyar sanin iya inda za mu yarda da abin da muke kallo.

Zamanin masana'antu, da ƙarshen sunan

A ƙarni na 19 Jamus ta cika da masana'antu, mai zane ya zama ma'aikacin albashi. Injiniya ya yi lissafi, Zeichner ya mayar da shi layi, maƙeri a wani gari daban ya ƙera ba tare da sun taɓa haɗuwa ba. Don haka dole kowa ya fahimci layin iri ɗaya. A 1917 aka kafa hukumar daidaita ma'aunai a Balin, wadda aka sani da DIN. A 1922 ta fitar da ma'aunin takarda da injiniya Walter Porstmann ya tsara. Babbar takardar, A0, faɗinta murabba'in mita ɗaya ne. Ka ninka ta biyu ka samu A1, ka ci gaba da ninkawa har A4, mai milimita 210 da 297, kuma siffarta ba ta sauyawa. Takardar da muke kai wa shagon kwamfuta a buga mana labari, daga wannan tsari ta fito. Shi ma akwatin nan na kusurwar dama a wannan zamani ya zama ƙa'ida, domin in gada ta rufta a san wanda ya zana da wanda ya duba.

Sai kwamfuta ta zo. A 1982 manhajar AutoCAD ta fito, a hankali allunan zane da alƙaluman Rotring suka koma ɗakin ajiya. A 2011 Jamus ta daina horar da matasa da sunan Technischer Zeichner, wato mai zanen fasaha, ta maye gurbinsa da sababbin sunayen sana'a biyu. Aikin bai mutu ba, ya sauya riga ne. Iyalan da ke amsa Zeichner kuwa suna nan da sunansu, kamar yadda Wagner ke nan bayan keken doki ya kau.

Abin da ya rage gare mu

Mun san zafin abin a jikinmu. Ka kwana kana rubutu, ka saki labari, bayan mako biyu ka gan shi a wani zauren WhatsApp an cire sunanka, wani lokacin ma an sa na wani. Ka ji ana karanta shi a YouTube ba wanda ya nemi izininka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Muna da gaskiya in mun yi kuka, kuma darasin Dürer namu ne: mu sa sunanmu da shekara a farkon kowane babi da ƙarshensa, mu ajiye shaidar ranar da muka fara saki, mu kuma tace abin da za mu sa wa hannu, domin ƙahon karkanda ba ya gogewa.

To amma mu juya madubin. Mu ɗauko littattafan da ke kan kantarmu mu duba, nawa ne suka faɗi wanda ya zana bango? Yaron da ya haɗa mana bangon labari a wayarsa, da wadda ta zauna ta buga mana rubutun hannu a kwamfuta, da malamin da ya gyara mana ƙa'idojin rubutu, da tsohuwar da muka ɗauko tatsuniya a bakinta, ina sunayensu? Sau nawa muka ɗauko hoto a intanet muka ɗora a bango ba mu ko tambayi mai shi ba? Abin da muke kuka an yi mana, shi muke yi wa na ƙasa da mu, kuma ba da mugunta ba, mantuwa ce da ta zama al'ada.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Fuchs shafi ɗaya ya bayar, mu layi huɗu sun ishe mu: wanda ya rubuta, wanda ya tace, wanda ya buga a kwamfuta, wanda ya zana bango. In za mu tura labarin wani, mu tura shi da kansa da ƙafarsa, kada mu yanke sunan. In mun ɗauko tsohon hoto, mu bar ɗan rubutun da ke ƙasansa. Wanda ke da littafi a hanya, ya buɗe shafi na biyu tun a daren yau ya cike akwatin nan, kafin aikin ya tafi maɗaba'a.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.